Wa Ke Da Hannu A Mararraba?

Wata ranar kasuwa da la'asar sakaliya ina zaune a gidan gaba na motar haya, mun baro Zuru za mu Koko. Muna dab da shiga Mahuta sai ga wani ɗan kabu-kabu ya ɓullo daga wata hanyar burji ta hannun dama, ya ɗaure buhun dawa biyu a bayan mashin. Ya zo bakin kwalta ya tsaya, ƙafa ɗaya a ƙasa. Direbanmu ya hango shi, ya ƙyafta masa fitila sau biyu. Yaro na ganin haka sai ya murɗa totur ya faɗo titi. Ƙarar birki kawai na ji, sai salatin matan da ke baya. Allah ya taƙaita, mota ta tsaya saura taku biyu ta same shi, amma ya riga ya firgita. Mashin ya kwanta, buhu ɗaya ya fashe, dawa ta watsu a kan kwalta.

Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. Yaro ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, yana cewa, "Oga, ai kai ka ba ni hannu! Ba ka ƙyafta mini fitila ba?" Direba ya leƙo ta taga a fusace: "Ni na ba ka hannu? Fitila na yi maka don ka san ina tafe, ka tsaya inda kake!" Wani dattijo da ya durƙusa yana tattara dawar da tafin hannu ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, fitila ba ta da baki. Ku dai gode wa Allah da dawa ce ta zube."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikin su biyun, kuma babu wanda ya fito gida da niyyar ganganci. Kowannensu ya tabbata a ransa shi ke da hannu. Sau da yawa karon da ake yi a mararraba haka yake farawa, shi ya sa na ga ya kamata mu warware wannan magana.

Ka lura da yadda bakinmu yake faɗin abin. Cewa muke yi ɗan sanda ya ba mu hannu, danja ta ba da hannu, wane ya ba ni hannu na wuce. Ban taɓa jin wanda ya ce ya ƙwaci hannu ba. Ashe harshen ma ya riga ya yanke hukunci: hannu abu ne da ake bayarwa. Ko da doka tana bayanka, muddin ba ka ga wancan ya rage gudu ya bar maka ba, to bai shigo hannunka ba tukuna. Duk shawarar da za ta biyo baya a kan wannan ta ginu.

Me ya sa maganar ta shafe mu a nan?

Mahuta ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai a masarautar Zuru, kuma tana kan hanyar da ta taso daga Koko ta nufi Dabai. Duk mai fitowa daga Birnin Kebbi ko Jega za shi Zuru ta wannan gefen, ta nan zai ratsa. Ga kuma hanyoyin ƙauyuka da suke fitowa su haɗu da kwalta, ɗauke da mashina, da amalanken shanu, da a-kori-kura maƙare da hatsi. Shekara da shekaru mutanen ƙasar Zuru sun yi ta kuka da lalacewar wannan hanya, amma ramukanta sun kasance birkin dole ga direbobi. Duk inda aka zuba sabuwar kwalta kuwa, ƙafar direba takan ƙara nauyi a kan totur, alhali mai fitowa daga ƙauye yana nan da tsohon lissafinsa na cewa mota a hankali take zuwa.

Bugu da ƙari, irin mararrabarmu ta karkara galibi ba danja, ba allon alama, ba farin layi a ƙasa. Dokar tana cikin kan matuƙi ne kawai, in ya san ta.

Wa ake fara saurara?

Abin hawa-hawa ne, kuma na sama yana soke na ƙasa. Na farko shi ne hannun jami'i, ɗan sanda ne ko ma'aikacin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, muke ce mata Rod Sefti. In ya ce tsaya, ka tsaya ko da danja ta nuna kore. In babu jami'i, sai danja. In babu danja, sai allon alama. Guda biyu ne ya wajaba kowane matuƙi ya haddace. Akwai ja mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP a jikinsa: wannan tsayawa cak yake nufi, sai taya ta daina juyawa, ko da ka ga fili fetal. An yi shi da kusurwa takwas ne don a gane shi ko ta bayansa, ko ƙura ta rufe rubutun. Sai mai kusurwa uku da aka kifa, tsininsa yana kallon ƙasa: ka rage gudu ka bar wa na kan babbar hanya, in babu kowa ka wuce ba sai ka tsaya ba.

In duk waɗannan babu, ƙaramar hanya ita ke jiran babba. Mai fitowa daga burji zai hau kwalta, shi ne mai jira. Haka mai fitowa daga lungu, ko tasha, ko gidan mai, ko ƙofar gida. A bisa wannan, direbanmu na ranar nan shi ke da hannu, yaron ne ya kamata ya jira. Sai dai direban ma yana da nasa laifin. Ya shigo gari bai ɗaga ƙafa daga totur ba, alhali ƙa'idar cikin gari kilomita 50 ce a sa'a, sannan ya yi alamar da ake iya fassarawa iri biyu.

In hanyoyin girmansu ɗaya fa?

Nan ne gizo ke saƙa. Ka ɗauki mahaɗar layuka biyu a cikin gari, duka burji ko duka kwalta, babu wadda za a ce ta fi wata. Ku huɗu kun iso, kowa yana kallon kowa.

A Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu akwai mararraba da ake kafa allon STOP a duk bakunanta huɗu. Kowa sai ya tsaya cak, sannan wanda ya riga tsayawa shi zai riga wucewa. A Amurka in biyu suka iso tare, ana bar wa wanda yake hannun dama. In kuma suna fuskantar juna, mai miƙewa ya riga mai yankawa hagu. Su ma ɗin suna rikicewa: wani ya manta wa ya riga shi, wani ya yi ta miƙa wa wani hannu har su tashi tare su yi karo.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Je ka bakin famfo da sassafe ka ga jarkoki a jere. Babu ɗan sanda, babu allo, amma kowace yarinya ta san jarkar da ke gabanta da wadda ke bayanta, kuma wanda ya tsallake layi gari duka zai ji. Abin da muka iya da jarka shi ne ya gagare mu da sitiyari. Shawarata a irin wannan mahaɗa ita ce ka rage gudu har ka iya tsayawa in ta kama, ka lura da wanda ya riga ka isowa ka bar shi ya wuce. In kun iso tare, bar wa na damanka, kamar yadda ake fara miƙa shayi ko gaisuwa daga dama. Ka nuna masa da hannu a fili ta taga, kada ka bar shi yana canke. In kai aka miƙa wa, kar ka tsaya ja-in-jar ladabi. Ɗaga hannu ka yi godiya, duba sauran ɓangarorin, ka wuce. Mai shiga yana fasawa, yana sake shiga, ya fi kowa rikita mararraba.

Hagu ko dama: inda ruɗanin ya samo asali

Sau da yawa za ka ji direba yana rantsuwa cewa na hagu ake bar wa, wani kuma ya ce na dama. Kowannensu ya ɗauko gaskiyar wani wuri ne ya kawo inda ba nata ba.

Dattawa suna tuna canjin hannu. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma dama, don ta dace da maƙwabtanta, Nijar da Dahomey da Cadi da Kamaru. Tun daga ranar, shataletale ya koma ana zagaya shi ta dama, motocin da ke cikinsa kuma ta hagunka suke zuwa maka. Shi ya sa dokar shataletale a Najeriya ta ce ka bar wa na hagu, wato wanda ya riga ya shiga. In ka je Birnin Kebbi ko Sakkwato, wannan ita ce ƙa'ida. Amma ta shataletale ce. Kada ka ɗauke ta ka kai mahaɗar da ba a zagayawa.

In kuma ka ƙetara Kamba ka shiga Gaya ko Dosso, ka shiga ƙasar da ta gaji tsarin Faransa, inda a mahaɗar da babu alama na dama ke da fifiko. Direban da ya saba da can yana iya faɗo maka daga dama da cikakken yaƙini, ba tare da ya ga ya yi laifi ba. Jihar Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, motoci kuma suna shige da fice kullum. Saboda haka kada ka ɗauka dokar da ke kanka ita ce ke kan wanda kake kallo.

Yankawa hagu

Tunda dama muke bi, juyawa dama ba ta da wahala, ka riƙe gefenka ka shige. Mai yankawa hagu kuwa sai ya ratsa hannun masu zuwa ta gabansa, don haka shi ne mai jira a kowane hali. Kunna sigina tun da nisa, matsa kusa da tsakiyar titi ba tare da ka shiga hannun wasu ba, ka tsaya tayoyinka na gaba a miƙe. In ka riga ka karya sitiyari kana jira, aka buge ka ta baya, cikin bakin motar da ke tafe za a tura ka. Kafin ka yanka, leƙa madubin hagu ka kuma waiwaya, domin ana samun mai mashin ko direban da zai zaɓi wannan lokacin ya sha gabanka. Kai kuma da kake baya, mararraba ba wurin shan gaban mota ba ce. Motar da ka ga ta rage gudu, wataƙila yankawa za ta yi, wataƙila kuma yaro take jira ya tsallaka.

'Yan kabu-kabu, ku ne kuka fi yanke kwana, ku shiga hannun da ba naku ba don rage taku goma. Wanda ke fitowa daga wannan kwanar ba ya tsammanin kowa a nan. Ku je har tsakiya sannan ku karya.

Fitila da hon

Ƙyafta fitila tana da fassara aƙalla huɗu a hanyoyinmu: wuce, kauce ina tafe, akwai jami'ai a gaba, ko kuma gaisuwa ce tsakanin direbobin tasha ɗaya. Abin da ke da fassara huɗu ba a jingina rai a kansa. In an ƙyafta maka, kalli tayar motar da hancinta. Ka ga gudu ya ragu, hanci ya ɗan duƙa alamar an taka birki? To an ba ka. In gudun yana nan yadda yake, zauna inda kake.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta kunna sigina biyu a lokaci ɗaya wai don a nuna za a miƙe. Wannan wutar ta mota mai matsala ce, ko gargaɗin hatsari a gaba. Wanda yake tsaye a gefenka ɓangare ɗaya kawai yake gani yana walƙiya, sai ya ɗauka juyawa za ka yi, ya shigo maka. In miƙewa za ka yi, kada ka kunna komai. Ita ma sigina ɗayar, kada ka amince da ita ɗari bisa ɗari, musamman ta mashin, wadda ba ta kashe kanta bayan kwana. Sau nawa ka ga ɗan kabu-kabu ya yi tafiyar kilomita guda siginarsa tana ta walƙiya bai sani ba? Jira ka ga ya fara karyawa.

Hon kuwa sanarwa ce cewa ga ni nan. Ba ya share hanya, ba ya ƙara wa birki ƙarfi.

Lissafin da ido ke kuskurewa

Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowane sakan. In ka hango ta a nisan mita 100, wato kamar tsawon filin ƙwallo, ba za ta cika sakan 5 ba ta iso inda kake. Yanzu ka auna mashin mai buhu biyu, ko goyon mutum biyu, zai tashi daga tsaye, ya hau gaɓar kwalta, ya tsallaka hannu biyu. In ya ɗan yi gardama ko ya mutu a tsakiya, magana ta ƙare. Direban ma ba nan take zai tsaya ba. Kafin ƙafarsa ta bar totur ta kai birki ya riga ya ci mita 20 ko fiye, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. Tirela ko tifa mai lodi tana buƙatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Mota mai zuwa kai-tsaye kuma ido ba ya iya auna gudunta sosai, balle da dare da fitila kawai kake gani. In zuciyarka ta ce "anya kuwa?", to amsar ita ce a'a. Bar ta ta wuce.

Yadda ake dubawa

Fara da hagu, domin hannun da ya fi kusa da kai daga hagu motocinsa suke zuwa. Sannan dama, sannan ka sake duba hagu kafin ka motsa. Kada ka duba da ƙwayar ido kawai, motsa kanka gaba da baya. Ƙarfen da ke riƙe da gilashin gaba yana iya ɓoye mashin sukutum, kuma in kuna tafiya a daidai gudun da zai haɗa ku, zai ci gaba da ɓuya a bayan ƙarfen nan har ku haɗu. Yawancin masu cewa "wallahi ban gan shi ba" gaskiya suke faɗa.

Kowane lokaci na shekara da irin makantarsa. Daga ƙarshen damina zuwa kaka, dawa da ciyawa sukan fi mutum tsawo a bakin hanyoyin ƙauye, sai ka turo hanci a hankali kafin ka ga titi. In kana kan mashin, rage ƙarar inji ka kasa kunne. Da hunturu ga hazo, ga ƙurar burji, ga hayaƙin ƙunar daji. Kunna fitila ko da rana tsaka don a gan ka. Hanyar Koko zuwa Dabai kuma daga yamma ta nufi gabas, saboda haka mai zuwa Zuru da safe rana tana cikin idonsa, haka mai zuwa Koko da yamma. In inuwarka ta miƙe ta nufi motar da ke zuwa, ka sani rana tana bayanka, direban nan da ƙyar yake ganin ka.

Babbar mota tana da nata hukuncin. Tirela in za ta juya dama sai ta fara buɗewa hagu, sai a ga fili ya samu a damanta. Wannan filin tarko ne, domin tayoyin baya nan za su biyo. Kada ka cusa kai. In ba ka ganin fuskar direban a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka.

Waɗanda ake bar wa ba gardama

Mai tafiya a ƙasa da ya riga ya shiga titi, musamman yara 'yan makaranta da tsofaffi da masu lalura, a jira shi ya ƙarasa. Yaro in ya tsallaka, ka sa ran wani zai biyo shi a guje. Garken shanu in ya fara ratsawa, kashe gudu ka jira na ƙarshe, kada ka danna hon ka tarwatsa su. Amalanken shanu ba shi da birki irin naka. Motar asibiti ko ta kashe gobara mai jiniya kuwa, matsa dama ka tsaya, amma kada ka tsaya a tsakiyar mahaɗa ka toshe ta.

Abin da gari zai iya yi

Ba komai ne sai an jira gwamnati ba. Matasan unguwa suna iya sare ciyawar da ta rufe kwana a yini ɗaya. Shugabannin 'yan yuniyon da na 'yan kabu-kabu suna iya hana lodi da sauke fasinja a bakin mahaɗa, a matsa gaba kaɗan. Mai teburin mai ko mai shayi ya ja baya daga kwana, masu shanyar hatsi su bar gefen kwalta. Masu unguwanni da hakimai kuma su kai kuka ga ƙaramar hukuma da Rod Sefti a kafa alamomi da tudun rage gudu a mashigar gari, a yi shi bisa ƙa'ida, da fenti da gargaɗi. Tudun da aka tara da ƙasa cikin dare ba alama, shi kansa yana kayar da masu mashin.

In kuma ƙaddara ta faɗa, a fara da wanda ya ji rauni kafin a nemi mai laifi. A sa alama nesa ta kowane ɓangare don kada wata motar ta faɗo kan taron, a kira Rod Sefti a lamba 122, kyauta ce, ko a sanar da 'yan sanda. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko baya, kada a finciko shi, a ɗauke shi a miƙe. Duka da ƙone mota ba su taɓa warkar da karaya ba.

Ranar nan, bayan an kwashe abin da ya kwasu na dawa, direbanmu ya zaro kuɗi kaɗan ya miƙa wa yaron, suka yi musabaha, muka kama hanya. Rigimar ta ci mana kusan rabin sa'a, alhali jiran da ya gagare su bai kai sakan 5 ba. Da muka iso wata mahaɗar a gaba, sai ga wani mai mashin a tsaye da matarsa da goyo. Direba ya kai hannu wajen fitila, sai ya fasa. Ya taka birki, ya zuge gilashi, ya fito da hannu waje ya ce, "Bismillah, Malam, wuce." Mutumin ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga mana hannu, ya tsallaka.

Allah ya kai mu gida lafiya.